Littattafan Aljanu Da Mayaƙa: Ina Labarin Hijirarmu?

Duk ɗan kasuwar da ke zaman jiran a buɗe hanya a Galabat ko Kurmuk ya san abin da matasanmu ke rage dare da shi. Littattafan yaƙi ne na Kano, waɗanda marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna a kansu, ana karanta su ana naɗa, suna yawo daga waya zuwa waya. Akwai sarakuna da sadaukai, da bokaye, da aljanu masu tsaron taska a ƙarƙashin ƙasa. Da yake yawancinmu a nan da haruffan Larabci muka yi karatu, ta kunne waɗannan labarai suka shige mu, ba ta ido ba.

Wasu dattawa na ganin abin ɓata lokaci ne. Mu ba mu tare da su a nan. Irin wannan rubutu yana da asali. A 1933 aka shirya gasar ƙagaggun labarai a Arewacin Nijeriya a ƙarƙashin Rupert East, kuma cikin littattafan da suka fito a 1934 akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Littafin ya fara da yaƙin da aka yi da Turawa a Kwantagora, sannan ya bi jaruminsa gabas har cikin duniyar aljanu. Ashe tun farkon rubutun boko Bahaushe ke gauraya tarihi da almara, kamar yadda kakanni ke yi a tatsuniyar Dodo da Gizo.

Abin da ya dame mu shi ne, yaranmu sun haddace sunayen biranen da babu su a duniya, amma da yawansu ba za su iya faɗin yadda aka kafa Mai Wurno ba. Alhali kuwa wane marubuci ne zai rasa abin faɗa a wannan tarihi? A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi a cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane suka ci gaba da tafiya, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Ban da su, ga dubban mahajjata da suka taka sayyada ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu shekara da shekaru a hanya, suna noma suna tara guzuri. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, hannuwansu na cikin waɗanda suka tsinci audugar Jazira.

A cikin wannan tafiya akwai ƙishirwa, da 'yan fashi, da kaburburan da ba a san masu su ba. Akwai kuma abin da iyayenmu suka riƙa faɗa da dare: rijiyar da ba a leƙa ta bayan magariba, tsamiyar da ayari ke kauce mata, mutanen ruwa da masunta ke tsoro. Har yau ana kiran wani reshe na zar a Sudan da suna bori, shaidar cewa iskokin ma sun biyo ayari. Wanda ke neman abin tayar da tsikar jiki ba sai ya je birnin Sin ba.

Sai dai muna da sharaɗi guda, kuma ba ƙarami ba ne. Marubuci na da damar ya ƙagi aljani, ya ba shi kai bakwai idan ya so. Ba shi da damar ya ƙagi shekara, ko ya sauya wanda ya sauki wani, ko ya mai da wata ƙabila dodon labarinsa. Idan ba a manta ba, a watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan jini ita ce, wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? A wurin da irin wannan tambaya ke kashe mutane, ƙarya a kan tarihi ba wasa ba ce. Yaron da ya ji ta a labari mai daɗi zai riƙe ta fiye da abin da malami ya koya masa.

Lokaci kuma ba ya jira. Yaƙin da ya fara a watan Afrilu na 2023 ya kai Wad Madani a ƙarshen shekarar, ya kai Sinja a 2024, ya tarwatsa ƙauyuka. Tsofaffin da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa, wasu a gudun hijira ta biyu. Kowane ɗaya ya tafi, ya tafi da abin da babu shi a takarda.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa, domin ku ne ƙafar al'umma. Wayar da kuke sauraren labarin sadaukai da ita tana iya naɗar muryar kaka. Ku tambaye ta garin da aka taso, da zangon da aka yada, da abin da aka ce an gani a hanya. Ƙungiyoyin kasuwa su ware wani abu daga ribar riɗi da gahawa su tallafa wa matashin da zai rubuta, a buga da boko da ajami, a kuma karanta a naɗa. Marubutan Kano kuwa muna gayyatarsu su waiwayo gabas, amma su yi tambaya kafin su ɗora alƙalami.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kakanninmu sun bar gida amma sun riƙe labarinsa. Kada a ce a hannunmu ya faɗi. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.