Tsohuwar Akori-kura da Ladabin Binciken Cuta



Kwanakin baya mun ɗauko gawa daga Krofrom za mu maƙabartar Tafo, sai akori-kurar jama'armu, tsohuwar Toyota Hilux mai shan dizal, ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar hanya. Da kafaɗa aka ƙarasa da mamacin. Da daddare aka zauna a zauren Maigida, ni ke riƙe da alƙalami, mafi yawan masu magana suka ce a sayar da ita. Na rubuta shawararsu amma ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Kafin wannan rana, makanikai biyu sun duba ta. Na farko ya canja batir, na biyu ya canja famfon mai, kuɗin gudummawar jama'a ya tafi, ciwo yana nan. Washegari muka jawo ta zuwa Magazin ta Suwame, wajen wani dattijon makanike. Bai ɗauki sifana ba sai da ya yi tambaya: a hawa take mutuwa ko a gangara? Da safe ko bayan ta yi zafi? Sannan ya kwance matatar mai, ya zuba abin da ke ciki a kwalba, sai ga ruwa da laka sun kwanta a ƙasa. Aka wanke tanki, aka sa sabuwar matata, aka fitar da iskar da ta shiga bututun mai. Motar tana aiki har yau.

Ra'ayina shi ne, abin da ke kashe tsofaffin motocinmu gyaran kirdado ne fiye da tsufa. A makarantar allo ba a ba yaro sabon karatu sai ya biya na jiya. Inji ma da jeri ake bin sa. Mai yake buƙata, da iska, da matsi a cikin silinda, sannan wutar fulogi idan mai shan fetur ne. Wanda ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da mai arha kafin mai tsada, da wuya ya ɓata.

Inji kuwa yana faɗin ciwonsa ga mai saurare. Idan ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai, duba kan batir tukuna, sau da yawa tsatsa ce ko sassauci. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya rinjayi iska, kuma a lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, galibi ringi ne ya cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne, a tsaya nan take. Idan mota ta yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto sai ta huce, domin tafasasshen ruwa ya ƙona fuskoki da yawa. A duba fanbel, a duba ko lagireto ya toshe. Ɗabi'ar nan ta cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa a jefar, wai ƙasarmu da zafi, rufe baki ne ga majinyaci: inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, asalin cutar kuma tana nan.

Masu cewa a sayar suna da hujjar da ba zan raina ba. Tsohuwar mota na shan mai, hayaƙinta na cutar da ƙirji, kuma idan ƙarfen gindinta ya ruɓe ko birki ya daina amana, riƙe ta ganganci ne da rayukan mutane. A nan ni ma zan ce a rabu da ita. Amma tari ɗaya ba hukuncin kisa ba ne. Sabuwar mota kuma tana da nata nauyi. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tsarin da ake jona kwamfuta a karanta matsalar inji, irinsu ne ke shigowa ta Tema yanzu, kuma ba kowane makanike ne ke da na'urar ba. Ko mai na'urar ma, lamba kawai za ta ba shi, fassarar tana wajen wanda ya san inji.

Saboda haka nake roƙon iyaye: yaran da muke kai wa koyon aiki a Suwame, a bar su su zauna gaban dattawan nan har su koyi sauraro, sannan su haɗa da kwamfuta. Da tsohuwar zuma ake magani. Masu motocin da ke lodi a tashar Krofrom zuwa Bolga da Bawku kuma, ku ajiye ɗan littafi a mota, ku rubuta ranar juyen baƙin mai da ranar canjin matata. Mu mun fara, littafin yana hannuna, kuma duk wanda ya ba da sisinsa yana da ikon dubawa.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa mu gama lafiya.