Wa Ya Ƙarar da Tattabarar Amurka?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa ganin jan-baki sun sauka a gonar gero zai ce ya ga tsuntsaye. To, bai ga kome ba. A Amurka ta Arewa an yi wata tattabarar daji wadda Turawa ke kira fasinja, don ba ta zama wuri guda. Masana sun ƙiyasta yawanta ya taɓa kai miliyan 3,000 zuwa 5,000. A shekarar 1866 wani ayarinsu ya ratsa kudancin Ontariyo ta ƙasar Kanada, faɗinsa mil guda, tsawonsa wajen mil 300, ya yi awa 14 yana wucewa. Yau ko ɗaya babu.

Wasu sukan ce sare dazuzzuka ne ya ƙarar da ita, tun da 'ya'yan itatuwa ne abincinta. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina babban laifin na 'yan kasuwa ne da masu yin doka.

Da can mutum yakan harbi abin da iyalinsa za su ci. Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo, sai abin ya zama sana'a. Ayari na sauka a buga waya, maharba su yi caa a wurin da bindigogi da raga, a cika ganguna da nama a yi birane da shi. A 1878, kusa da garin Petoskey a jihar Mishigan, an yi watanni ana kashe wajen 50,000 kowace rana. Alhali ƙwai ɗaya tak uwar ke sakawa a sheƙa! Ina za ta mayar da wannan asara?

Abin haushi, an yi gargaɗi da wuri. Tun 1857 aka kai wa majalisar jihar Ohayo shawarar a kare ta, sai kwamitinsu ya ce ai ba ta bukatar kariya, wai yawanta ya fi ƙarfin kisa. Ido suka bi, ba su yi lissafi ba. Tsuntsuwa ce da ta saba hayayyafa cikin babban taro, da taron ya watse sai ragowar suka kasa farfaɗowa. Dokokin da aka yi daga baya kuwa ba wanda ya damu da binsu.

Ta ƙarshe, wadda aka laƙaba wa suna Marta, ta mutu a keji ran 1 ga Satumba, 1914, a gidan namun daji na Sinsinati, cikin jihar Ohayon nan dai. Aka daskarar da gawarta cikin ƙanƙara, aka aika da ita Washinton a jirgin ƙasa.