Kamarar tsaro: a rufe ƙofofi kafin a buɗe ido

Daga Yamai zuwa Maraɗi, Tawa da Damagaram, kamarorin tsaro sun shiga bankuna, kantuna, asibitoci da ma'aikatun gwamnati. Mai dukiya yana gida ko yana bisa hanya, sai ya duba salularsa ya ga halin da mangazarsa take ciki. Wannan ci gaba ne. Amma hanyar da hoto ke bi ya iso hannun mai shi, ita ce ɓarawo ke bi in ba a tsare ta ba.

Tsakanin kamara da intanet akwai abin da ake kira "pare-feu" da Faransanci, wato ganuwar tsaro. Aikinta irin na ganuwar birni ne: ta hana baƙo shiga sai ta ƙofar da anka yarda. Ƙofofin nan lambobi gare su. Ta 80 tana kai mutum shafin sarrafa kamara, ta 554 ita ce hoto ke fita ta cikinta, ta 23 kuwa tsohuwar ƙofa ce ta ba na'ura umurni.

Sau da yawa, don aiki ya yi sauri, mai haɗa kamara yakan buɗe ƙofofin ga duniya baki ɗaya, ya kuma bar lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta, irin su "admin" ko "12345". An ga sakamakon haka. A 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya baje hotunan kamarori wajen 73,000 na ƙasashe daban-daban, waɗanda ba a sake lambar sirrinsu ba. A 2016 wata muguwar manhaja, Mirai, ta bi ta ƙofa ta 23 tana gwada lambobi wajen 60 da anka saba bari, ta kame dubban ɗaruruwan na'urori. Da su anka kai hari ga kamfanin OVH na Faransa da kamfanin Dyn na Amurka, alhali masu kamarorin ba su da labari.

Rigakafin ba ya da wuya. Na farko, a rufe dukan ƙofofin shigowa daga waje. Na biyu, mai son kallo daga nesa ya bi ta ɓoyayyar hanya guda, wadda ake kira VPN, mai tantance mutum kafin ya shiga. Na uku, a kashe tsarin UPnP, domin shi ke ba kamara damar buɗe wa kanta ƙofa. Na huɗu, a raba layin kamarori da na sauran kwamfutocin ma'aikata. Na biyar, kowane ma'aikaci ya samu tasa lambar, a soke ta ranar da ya bar aiki, a kuma riƙa sabunta manhajar na'urorin.

Wasu za su ce wannan ƙarin kuɗi ne da wahala. Gaskiya ne, buɗe ƙofa ya fi sauƙi. To amma kamarar da ke nuna wa ɓarawo inda asusu yake da lokacin da mai gadi ke barci, gara babu ita.

Nauyin yana wuyan shugabannin ma'aikatu da masu dukiya, ba mai haɗawa kaɗai ba. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, kuma hoton majinyaci ko na mai ajiya a banki amana ne. Saboda haka, kafin a biya ɗan kwangila, ya wajaba ya rubuta ƙofofin da ya buɗe, da dalilin buɗe su, da sunayen masu riƙe da mabuɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.