Ra'ayinmu: Kitson Hular Gashi da Aikin Zumuntar Mata

Duk lokacin da Kirsimeti ko Ista ya gabato, masu kitso ba su da hutu. A 'yan shekarun nan kuwa sana'arsu ta yi sabon reshe, wato kitson hular gashi. Mai kitso za ta zauna da kan roba a gabanta, ta yi kwana da kwanaki tana kitse shi, mai saye kuma ta ɗora a kai cikin minti biyu ta tafi sujada. Abin ya jawo surutu a ikilisiyoyi da dama. Wasu dattawa na ganin alfahari ne, wasu magidanta na ganin ɓarnar kuɗi ce. A namu ganin, kafin a yanke hukunci ya kamata a san yadda aikin yake, a kuma san su wa ke bukatarsa.

Mai wannan aiki tana farawa da auna kan mai saye, daga goshi zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne. Sai ta ɗora hular raga a kan roban, ta kafe ta da allurai. A wajen goshi, inda ido ke fara sauka, tana amfani da wata 'yar allura mai ƙugiya, tana ƙulla silin gashi ɗaya ko biyu a kowane idon raga, domin tsagar ta yi kama da ta kan mutum. Daga nan sai kitso, ko shuku, ko zane, ko kalaba. A ƙarshe a tsoma bakin kitson a ruwan zafi don kada ya warware, a bi da almakashi a datse silin da ya yi tsaye. Aiki ne na ido da haƙuri da ciwon baya. Wanda ya ga ana yinsa ba zai ƙara taya shi da wulakanci ba.

Yawancin waɗannan huluna da gashin doki ake yinsu. Sunan ne kawai na doki, ainihinsa zaren roba ne, irin Kanekalon wanda kamfanin Kaneka na ƙasar Japan ya fara fitarwa a 1957. Gashin mutum kuwa, mai tsadar nan, da yawansa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar haikalin Tirupati ke aske kawunansu, haikalin ya yi gwanjonsa, masana'antu irin na birnin Shucang a ƙasar Sin su sarrafa shi. Kuɗin irin wannan gashi waje yake tafiya. Amma ladar kitson hula, hannun 'ya'yanmu take shiga, a unguwarmu take zama.

Su wa ke bukata? Na farko, matan da gashin goshinsu ya janye saboda kitso mai tsauri na shekara da shekaru, tun suna yara. Idan an sassauta da wuri gashin yakan dawo, in kuwa aka ci gaba da ja, saiwar takan mutu, ba mai da zai tsirar da ita. Hular gashi tana ba irin wannan kai hutu. Na biyu, 'yan'uwanmu masu jinyar ciwon daji. Dajin nono shi ne ya fi kowane daji yawa a cikin matan Nijeriya, kuma da yawa daga cikin magungunansa suna zubar da gashi mako biyu zuwa uku da fara karɓa. Gashin yakan sake fitowa bayan an gama magani, amma kafin nan akwai watanni masu nauyi. Mace ta dawo daga asibitin koyarwa na Jos ko na Shika, ga raɗaɗin ciwo, ga kunyar ido. Wata sai ta daina zuwa sujada daidai lokacin da ta fi bukatar zumunci. Mai zunɗen hular da ke kan ta gabanta bai san abin da hular ta rufe ba.

Mun sani za a tuna mana da wasiƙar Bitrus ta fari sura 3, da ta Bulus ta fari zuwa ga Timoti sura 2. Gaskiya ne, duka biyun sun ambaci kitso, amma sun jera shi ne tare da zinariya da tufafi na ƙawa, a zamanin da matan attajiran Roma ke gasar adon kai. Gargaɗin nan yana nan daram. Wadda ta ci bashi ta sayi gashi alhali kuɗin makarantar yara na jira, ko wadda ta mai da gidan Ubangiji filin gasa, da ita ake. Amma kada mu ɗauki sandar da aka tanada domin girman kai mu doki marar lafiya da ita. Maganar ɗankwali kuwa, kowace ikilisiya ta bi ka'idarta, hula ba ta hana ɗaura shi.

Ga masu sawa muna da shawara. A yi wa gashin ƙasa kitso sako-sako, a cire hula da dare kai ya sha iska, a riƙa wanke ta ana shanyawa a inuwa. A guji manna ta da gam a goshi, domin gam na tsige ɗan gashin da ya rage. A kuma yi nesa da murhu, gama gashin roba narkewa yake idan ya ji wuta.

Kiranmu ga zumuntar mata shi ne, kamar yadda ake koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu, a sa kitson hular gashi cikin jeri. Jarinsa bai kai na keken ɗinki ba, gwauruwa ko yarinyar da ta gama sakandare za ta iya yinsa a tsakar gida. Kowace zumunta kuma ta keɓe hula ɗaya ko biyu a shekara domin masu jinya, a kai musu a asirce, ba tare da sanarwa a gaban jama'a ba. Wadda ta kitsa, a biya ta haƙƙinta cikakke.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a aikin hannuwan matanmu. Amin.