DAGA BAKIN ALLO: Katolika Da Furotesta A Kan Kamun Ƙafa Da Waliyyai

A watan nan wata 'yar rigima ce ta ɗalibai ta sa na ɗauki alƙalami. Wata rana lokacin shan iska na tarar da yara sun yi da'ira, biyu suna cacar baki a tsakiya. Ɗayar yarinya ce mai wata 'yar lambar ƙarfe a wuya da hoton Maryamu a jiki, ɗayan kuwa yaro ne ɗan cocin Lutaran, yana ce mata wai gunki ta rataya. Da na raba su aka koma aji, sai wani yaronmu na unguwar Hausawa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ba addininsu ɗaya ba ne?"

Tambayar nan ba yara kaɗai ke da ita ba. Mu da muke zaune 'yan tsiraru a cikin jama'ar ƙasar nan, kasuwarmu ɗaya da Kirista, asibitinmu ɗaya, 'ya'yanmu suna zama benci ɗaya da nasu, amma da yawanmu mun ɗauka coci coci ne kawai. Kowace ranar 15 ga Agusta ana rufe ofisoshi a Kamaru, mu ma mu huta, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa bikin ɗaukar Maryamu zuwa sama ne, wanda Paparoma Piyus na 12 ya tabbatar da shi a matsayin aƙidar Katolika a 1950, kuma galibin Furotesta ba su yarda da shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. To bari in faɗi abin da na sani, gwargwadon yadda kowane ɓangare yake bayyana kansa.

Da farko, dukkansu biyu sun haɗu a kan cewa Allah kaɗai ake bauta wa. Sun kuma haɗu a kan cewa an yi bayin Allah na ƙwarai da suka cancanci a tuna da su, a yi koyi da halinsu. Inda aka rabu tambaya ce guda: mutumin kirki da ya riga mu gidan gaskiya, ana iya kiran sunansa a ce ya roƙa wa mutum Allah, ko kuwa ba a iyawa?

Katolika suka ce ana iyawa. Hujjarsu ita ce, idan ka ce wa maƙwabcinka ya sa ka a addu'a ba ka yi laifi ba, to wanda yake kusa da Allah ya fi maƙwabcinka cancantar wannan roƙo, domin a wurinsu mutuwa ba ta yanke zumuncin masu bi. Suna kafa hujja da littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, sura ta 5, inda aka kwatanta addu'o'in tsarkaka da turare da ake miƙawa a sama. Suna kuma kawo littafin Makabiyawa na biyu, inda aka ga Annabi Irmiya cikin mafarki yana yi wa mutanensa addu'a bayan rasuwarsa. Game da hotuna kuwa, tun a shekarar 787 babban taron bishop-bishop da aka yi a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya raba tsakanin bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa waliyyi da hotonsa. Saboda haka ɗan Katolika zai ce maka shi ba ya bauta wa Maryamu, kamun ƙafa yake yi da ita. Kiristan Habasha da Kibɗawan Misira su ma a kan wannan hanya suke.

Furotesta suka ce a'a. Babbar hujjarsu tana cikin wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti, sura ta 2, aya ta 5, wadda ta nuna cewa matsakanci tsakanin Allah da mutane guda ɗaya ne, wato Almasihu. Suka ce babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarci a kira matattu, babu kuma alkawarin cewa suna ji. Littafin Makabiyawa kuwa ba ya cikin littattafai 66 da suka karɓa, alhali na Katolika 73 ne. Kun ga ke nan ayar da wannan ya riƙa a matsayin hujja, wancan ba ya ma ƙirga ta cikin nassi. Suna ƙarawa da cewa bambancin bauta da girmamawa malamai ne suka san shi, amma tsohuwar da ta durƙusa gaban mutum-mutumi ta kunna kyandir, wa ya san abin da ke zuciyarta?

Rabuwar ta samo asali ne a ƙasar Jamus. A garin Witenbag akwai wani coci da ake kira Cocin Dukan Waliyyai, inda mai mulkin yankin, Firedirik, ya tara ƙasusuwa da tufafi da sauran kayan da aka ce na waliyyai ne. Zuwa 1520 yawansu ya haura 19,000, kuma ana gaya wa mutane cewa ziyartarsu tana rage azaba bayan mutuwa. A wannan gari ne Martin Luta ya fito da batutuwansa 95 a ranar 31 ga Oktoba 1517, jajibirin bikin dukan waliyyai, yana sukar sayar da takardun yafe azaba. A 1530 mabiyansa suka miƙa bayanin aƙidarsu a birnin Ogsbag, a sashe na 21 suka ce a tuna da waliyyai, a yi koyi da bangaskiyarsu, amma kada a kira su neman taimako. Cocin Ingila ya bi sahu a sashe na 22 na ƙa'idojinsa 39. Su kuwa Katolika suka ba da amsa a taron Tirento a 1563, suka tabbatar da cewa kiran waliyyai abu ne mai kyau mai amfani, amma suka umarci bishop-bishop su kawar da camfi da neman kuɗi da suka shiga cikin lamarin. Wato dai sun yarda an yi ɓarna, sai dai a ganinsu gyara ake bukata, ba rushewa ba.

Domin a ga yadda bambancin yake a aikace, mu dubi wani abu da ya faru a nahiyarmu. A ƙasar Buganda, cikin Yuganda ta yau, Sarki Mwanga na biyu ya sa an kashe Kirista tsakanin 1885 da 1887, yawancinsu samari masu hidima a fadarsa, domin sun ƙi barin addininsu, sun kuma ƙi biya masa wasu buƙatu da addinin ya hana. Waɗanda aka fi tunawa da su mutum 45 ne, 22 Katolika, 23 Angilika, waɗanda Furotesta ne. A ranar 3 ga Yuni 1886, a wani wuri da ake kira Namugongo, aka naɗe da yawansu cikin tabarmi aka cinna musu wuta, Katolika da Angilika a haɗe. Mai kunna wutar bai tambayi kowa cocinsa ba.

Bayan haka kowane coci ya bi hanyarsa. Paparoma Bulus na 6 ya ayyana 22 ɗin nan a matsayin waliyyai a 1964, cikinsu har da shugabansu Charles Lwanga da ƙaraminsu Kizito, ɗan shekara 14, kuma a jawabinsa ya ambaci 'yan Angilikan da girmamawa. Su Angilika suna karanta sunayen nasu, suna gode wa Allah saboda su, amma addu'arsu ga Allah take tafiya kai tsaye. A Namugongo wuraren ziyara biyu ne, na Katolika da na Angilika, ba su da nisa da juna. Ranar 3 ga Yuni hutu ce a Yuganda, mutane suna tafiya da ƙafa kwana da kwanaki domin halarta. Ɗan Katolika zai ce Kizito ya roƙa masa Allah, ɗan Angilika zai ce Allah ya ba shi zuciya irin ta yaran nan. Paparoma Faransis da ya je a 2015 ya ziyarci wuraren duka biyu.

Ya kamata kuma a sani cewa Katolika ba sa naɗa waliyyi da ka. Matakai huɗu ne. Ana fara binciken rayuwar mamacin, sa'an nan a tabbatar da nagartar halinsa, sa'an nan a nemi wata mu'ujiza, galibi warkewar da likitoci suka kasa bayyana dalilinta, kafin a kira shi mai albarka, sa'an nan wata mu'ujizar ta biyu kafin a kira shi waliyyi. Wanda aka kashe saboda addini ana ɗauke masa ta farko. A nan ƙasarmu akwai Fada Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, da ya zauna a Tokombere a arewa mai nisa yana yawo ba takalmi cikin mutanen duwatsu, ya rasu a 1975. A 2023 aka kai shi mataki na biyu. Ɗan Lutaran na Ngaundere zai yaba aikinsa ƙwarai, amma ba zai kira sunansa cikin addu'a ba.

Na san mai karatu ya riga ya tuna da muhawarar da ake yi a unguwanninmu tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan tawassuli da ziyarar ƙaburbura. Addinan daban ne, hujjojin ma daban, ba na cewa abu ɗaya ne. Amma wanda ya ga yadda wannan gardama ta raba masallatai, ta hana wa da ƙane gaisawa, ya san zafin da ke cikin a ce wa mutum mushiriki a kan abin da shi yake gani girmamawa ce. Bai kamata mu zama masu ƙara wa wutar maƙwabta itace ba.

A ajina abin da na yi shi ne, na sa yarinyar ta faɗi da bakinta abin da lambar take nufi a wurinta, na sa yaron ya faɗi dalilin da cocinsu ba ya ratayawa, na hana kowa katse ɗan'uwansa. Ba wanda ya sauya ra'ayi, ni ma ba wannan nake nema ba. Amma yaron ya janye kalmar gunki, yaronmu kuma ya sami amsar tambayarsa. Iyaye, idan 'ya'yanku sun kawo muku irin wannan magana gida, ku ce musu su tambayi mai abu kafin su raɗa wa abinsa suna.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.