Tsakiyar Kakar Wasa: Teburin Maki da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Bahaushe yana da karin magana guda biyu waɗanda suke karo da juna. Ɗaya ta ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ɗayar kuwa ta ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, masu sharhin wasanni na Amurka sukan riƙe ta farkon, domin a lokacin ne gasar ƙwararru ta zari-rugar ƙasarsu, wadda ake kira NFL, take kaiwa tsakiya. Sai su dubi teburin maki su yanke hukunci, su ce wannan ƙungiya ta ɗauki kofi ta gama, waccan kuwa sai baɗi. A daidai wannan lokaci ne kuma a nan wajenmu, daga Galadi da Shinkafi zuwa Zurmi da Ƙaura Namoda, amfanin gona yake shiga rumbu, kalangu ya soma kiran 'yan dambe fili a inda zaman lafiya ya bari, makarantu kuma su shiga shirin gasar wasanninsu.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, teburin maki na tsakiyar kaka shaida ne mai rauni, kuma akwai wani lissafi da ya fi shi muhimmanci wanda ba mu cika yi ba, wato lissafin dukan da kawunan 'yan wasa suka sha. Ina fata malamai da ɗalibai za su biyo ni a hankali.

Abin da Tebur Yake Faɗa

Zari-rugar Amurka wasa ne na mutum 11 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ana ɗaukar ƙwallon a ruga da shi ko a jefa wa abokin wasa, abokan hamayya kuma su tare mai ƙwallon da ƙarfin tsiya su kayar da shi. Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32. Tun daga shekarar 2021 kowace ƙungiya tana buga wasa 17 tsakanin Satumba da farkon Janairu, sa'an nan waɗanda suka yi fice su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a ƙare da wasan ƙarshe a watan Fabrairu. Tsakiyar kaka ke nan wasa takwas ko tara ne kacal.

To, me wasa takwas zai iya tabbatarwa? Ga gwajin da malamin lissafi zai iya yi a cikin aji. A zaɓi ɗalibai 32, kowanne ya wakilci ƙungiya guda, a ba shi kwandala ya cilla sau takwas. In ta faɗi ta fuska, nasara ce. In ta faɗi ta baya, an sha kashi. Hanyoyin da cilli takwas zai iya faɗuwa 256 ne, kuma 37 daga cikinsu suna ba da nasara shida ko fiye, wato kusan ɗaya cikin bakwai. Saboda haka a cikin ɗaliban nan 32 ana sa ran huɗu ko biyar su fito da nasara shida ko sama da haka, alhali babu wanda ya fi wani iya cilla kwandala. Haƙiƙa wasa ba kwandala ba ne, akwai ƙwarewa da horo a cikinsa. Sai dai gwajin yana nuna mana irin girman rabon da sa'a take da shi idan abin da aka ƙidaya kaɗan ne.

Tarihin gasar ya sha tabbatar da haka. A kakar 2020 ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta ci wasanninta 11 na farko a jere, sai ta sha kashi a huɗu daga cikin biyar da suka rage, aka kuma fitar da ita a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale. A kakar 2023 Philadelphia Eagles ta ci 10 daga cikin 11 na farko, sa'an nan ta faɗi a biyar daga cikin shida na ƙarshe, ita ma ta fita a zagayen farko. A ɗaya ɓangaren kuma, a kakar 2001 New England Patriots tana da nasara biyar da faɗuwa biyar bayan wasa 10, amma ita ce ta ɗauki kofi a Fabrairun 2002. Darasin da ke nan ga ɗalibin kimiyya shi ne, kada ya gina babban hukunci a kan ƙaramin samfuri, ko a filin wasa ko a ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da Tebur Yake Ɓoyewa

Bayan sa'a, akwai jiki. Ɗan wasan da ya shiga kaka da cikakkiyar lafiya ba shi ne wanda ya kai tsakiyarta ba, domin tsoka ta gaji, gaɓoɓi sun sha wuya. Raunin gwiwa ko na kafaɗa kowa yana ganinsa. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ido ba ya gani.

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kusan kilo 1.4, tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Abu ce mai laushi ƙwarai, tana iyo a cikin wani ruwa da ke tsakaninta da ƙoƙon kai. Mai karatu ya kwatanta ta da kindirmo a cikin ƙwarya. Idan aka girgiza ƙwaryar da ƙarfi, kindirmon zai tsinke ko da ƙwaryar ba ta tsage ba. Haka abin yake idan kai ya sha duka, musamman dukan da ke juya shi gefe farat ɗaya. Ƙwaƙwalwa takan motsa a cikin ƙoƙo, siraran zaruruwan da ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya su miƙe fiye da ƙima, sinadarin fotashiyam ya tsiyaye daga cikin ƙwayoyin, kalsiyam ya kwarara ciki. Kafin su maido da komai mazauninsa, ƙwayoyin suna buƙatar kuzari mai yawa a daidai lokacin da jinin da ke kai musu abinci ya ragu. Wannan hali shi ne za mu kira jijjigar ƙwaƙwalwa, kuma warkewa daga gare shi takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba sa suma. Hular kwano da 'yan zari-ruga suke sawa tana kare ƙwarya, amma ba ta hana kindirmo girgiza.

Ɗan Nijeriya ne ya tilasta wa duniyar zari-ruga ta dubi wannan al'amari. Dokta Bennet Omalu, haifaffen Jihar Anambra, ya yi aiki a matsayin likita mai binciken gawa a birnin Pittsburgh. A shekarar 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon Steelers wanda ya ɗauki kofi sau huɗu, ya rasu yana da shekara 50 bayan ya daɗe yana fama da mantuwa da rikicewar tunani. A ido ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Da Omalu ya yanka ta ƙanana ya duba a madubin ƙara girma, sai ya tarar da wani furotin mai suna tau ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin jijiya. Ya wallafa sakamakon a 2005, cutar kuma aka san ta da harufan CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda duka a kai a kai. Likitocin da ke aiki da gasar sun nemi a janye binciken, kuma sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a bainar jama'a cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka ba da rahoton cewa sun sami CTE a cikin ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL da suka duba. A nan ma sai ɗalibi ya yi hattara da samfuri, domin iyalai ne suka ba da waɗannan ƙwaƙwalen, galibi saboda sun riga sun ga alamun ciwo a kan mamatansu. Adadin bai nuna cewa kusan kowane ɗan wasa yana da cutar ba, amma ya nuna cewa cutar gaskiya ce. Ƙwallon ƙafa ma bai tsira ba. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 a kan tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo fiye da 7,000 ya gano cewa mutuwa ta dalilin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka a tsakaninsu kusan sau uku da rabi idan aka gwada da sauran jama'a.

Mu Dawo Gida

Wani zai ce ina ruwan yaron Galadi da wasan da bai taɓa gani ba? Amsa ita ce, tun a 1928, kafin a yi zancen zari-ruga, a jikin 'yan damben zamani ne likita Harrison Martland ya bayyana irin wannan ciwo. Mu kuwa ƙasar dambe ce. A dambenmu hannu guda ake naɗewa da zare ya yi tauri, kai da muƙamuƙi ake nema, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa cewa ake yi ya kashe shi. A lokacin kaka ɗan dambe yakan bi gari gari, ya yi wasa yau ya sake yi jibi. 'Yan kallo suna ƙidaya kisan da ya yi. Babu mai ƙidaya naushin da ya sha.

Na taɓa kallon wasan ƙwallo a wata makarantar sakandare ta yankinmu, inda yara biyu suka yi tsalle suka gwara kai. Ɗaya ya tashi yana tangaɗi, ya doshi ragar gidansu maimakon ta abokan hamayya, 'yan kallo suka bushe da dariya. Aka kwarara masa ruwa a ka, aka ce namiji ne, ya koma fili. Ni ma da nake koyar da ilimin halittu shiru na yi, kuma har yau ina jin kunyar wannan shiru. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara 20, kuma duka na biyu kafin na farko ya warke yana iya jawo kumburin da ke kisa, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa. Bugu da ƙari, ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta fashe, mutum yana iya tashi ya yi magana garau, bayan 'yan sa'o'i ya suma. Irin wannan sai tiyata cikin gaggawa, alhali ƙwararrun tiyatar ƙwaƙwalwa sai an dangana da manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Duk wanda ya san halin da hanyoyin Zurmi da Shinkafi suka shiga a shekarun nan ya san abin da tafiyar dare take nufi.

Ba kira nake yi a hana dambe ko ƙwallo ba. Dambe gado ne kuma sana'a ce, motsa jiki kuwa yana gina zuciya da ƙashi, har da ita ƙwaƙwalwar. Wasu za su ce kakanninmu sun yi dambe sun tsufa lafiya. Waɗanda suka tsufa lafiya su muke gani muna ba da labarinsu. Wanda ya ƙare da rawar hannu da mantuwa yana cikin gida, an ce tsufa ne ko kuma sammu aka yi masa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, duk yaron da ya bugu a ka ya nuna jiri, tangaɗi, ciwon kai, gani biyu-biyu, ko ya kasa faɗin inda yake, a fitar da shi, kada ya koma wasa a ranar ko da shi ne tauraron makaranta. Na biyu, idan ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko farfaɗiya, ko barci ya rinjaye shi, ko ciwon kan ya riƙa ƙaruwa, ko wani sashe na jikinsa ya saki, a kai shi asibiti nan take, tun rana ba ta faɗi ba. Na uku, ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya koma karatu a hankali kafin ya koma fili. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 ga wasannin makarantu da na unguwa ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21, kuma babu abin da zai hana makarantunmu su ɗauke ta. Na huɗu, a daina koya wa 'yan firamare dukan ƙwallo da ka, kamar yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana a wajen horo tun 2020. Na biyar, masu gidajen dambe da iyayen gidan 'yan wasa su yarda cewa wanda aka kashe a fili ba zai sake ɗaura zare ba sai bayan makonni.

Na ƙarshe ya shafi malamin wasanni da malamin ilimin halittu tare. Su sayi littafin rubutu guda, su ajiye shi kusa da na maki. Duk buguwar kai a rubuta ranarta, da alamun da aka gani, da ranar da yaron ya koma wasa. Idan kaka ta kai tsakiya aka zauna duba yadda kowace ƙungiya take tafiya, a fara buɗe wannan littafi kafin a buɗe na maki. Bayan shekara uku makarantar da ta yi haka za ta mallaki alƙaluman da ɗalibanta za su iya nazari a kansu da kansu, kuma kuɗin littafin bai kai na ƙwallo ɗaya ba.