Ramar da ba a san dalilinta ba, likita ake kai ta

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, babu wanda ya kai ku sanin awo. Mai saida hatsi, in tiya guda ta ɓace cikin buhu, kahin ta kai gindin buhun ta gane. Dillalin albasar Galmi da ya ɗaga buhu ya san ko an tauye mashi. Mai shago ba ya kwana sai ya duba kaye ya ga abin da ya shiga da abin da ya hita. Amma abin mamaki, wannan mutum ɗin zai yi wata 6 nama na zubewa daga jikinshi, kilo 4, kilo 5, bai taɓa tsayawa ya tambayi inda suka tahi ba. Matsayinmu a wannan hili shi ne: duk wanda ya kai shekara 40 zuwa sama ya ga yana ramewa bai san dalili ba, to ya tahi likita a auna shi, kada ya jira sai ya kwanta.

Mu fara da rarrabewa, domin ba kowace rama ce abin tsoro ba. Wanda ya hito daga azumi, ko ya sha aikin gona da damina, ko ya tashi daga masassarar cizon sauro, ko ya sha doguwar tahiya cikin zahin bazara, ya san abin da ya rage shi, kuma cikin ƴan makonni jiki na komawa daidai. Haka wanda lokotoro ya ce mashi ya rage maiƙo da zaƙi. Ramar da muke nuhi ita ce wadda mutum bai neme ta ba: tuwonshi da hurarshi suna nan yadda suke amma jiki na raguwa, ko kuma sha'awar abinci ta ɗauke haka kawai ta ƙi dawowa. Likitoci suna da ma'auni a kan haka. In mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinshi tsakanin wata 6 zuwa shekara guda ba tare da ya so ba, ya kamata a bincika. Wato mai kilo 60 in ya rasa kilo 3, mai kilo 70 in ya rasa 3 da rabi, mai kilo 80 in ya rasa 4. Kun ga ba sai mutum ya zama ƙashi da fata ba.

Wanda bai saba hawa sikeli ba ma, jiki magayi ne. Zobe ya fara zamewa daga yatsa, awarwaro na gangarowa, zanen da ake ɗaurawa ya ƙara zagaye, an huda sabon rami a santiri, tela ya rage riga har sau biyu. Iyaye mata kuma su lura da wannan: ɗaukewar al'ada, wadda ke zuwa galibi tsakanin shekara 45 da 55, ta hi kawo ƙiba da tumbi. Saboda haka in mace ta ga tana zubewa a waɗannan shekaru, kada ta ce shekaru ne ta yi shiru.

To mi ke hana mutane zuwa likita? In aka saurari hirar rumfuna daga kasuwar Dole ta Damagaram har Katako ta Yamai, amsa ukku ce ke dawowa kullum. Ta farko: tunani ne, hidima ce ta yi yawa, kasuwa ba ta ci. Ta biyu: baki ne, ko jifa, wata abokiyar sana'a ce ko kishiya ta sa hannu. Ta ukku ba a faɗinta da ƙarhi, amma ita ta hi kisa: tsoron kada a ce Sida ce. Tun shekarun da wannan cuta ta shigo, mutanenmu suka ɗaura rama a wuyanta, har ya zama wanda ya rame yana ɓoyewa cikin babbar riga ko hijabi don gudun bakin mutane. Alhali babban binciken lahiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cewa cikin mutum 1000 masu shekara 15 zuwa 49 a Nijar, kimanin 4 ne ke ɗauke da ƙwayar. Cututtukan da ke ramar da mutum suna da yawa, kuma mahi yawansu suna da magani in an kama su da wuri.

Ga ciwon sukari, wanda ake kira diyabet. Abinci na shiga, amma sukarin ya tsaya cikin jini bai isa ga naman jiki ba, sai ya bi hitsari ya zube, jiki kuma ya koma cin kitsenshi da namanshi. Shi ya sa mai wannan ciwo yana ci sosai yana ramewa, ga ƙishirwa wadda randa ba ta kashewa, ga tashi hitsari sau da yawa cikin dare, ga gyambon da ba ya warkewa, ga gani na dushewa. Ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta a 2021 cewa a nahiyarmu hiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Gano shi kuwa ɗigon jini ne daga yatsa da sassahe kahin a ci komi. In awo ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce, aka sake aka samu haka, to shi ne.

Ga tarin huka, wato tibi. Tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓin maraice, zufa cikin dare har ta jiƙa shimfiɗa, rashin cin abinci da rama. Hukumar lahiya ta duniya ta ce a 2023 mutum miliyan 10,8 suka kamu da shi. Ta iska yake bi, don haka mai rumfa da ke tari wata da watanni yana iya raba shi ga iyalinshi da yaran shagonshi da maƙwabtan rumfa. Awon kaki ake yi, maganin kuma kyauta ne a ƙasarmu, ana sha wata 6 ba tsallake. Mai ciwon sukari ya hi sauran mutane saurin kamuwa da tibi har ninki biyu zuwa ukku, shi ya sa in an samu ɗaya akan nemi ɗayan. Ita kanta Sida da ake gudu, yau ba ta zama hukuncin mutuwa ba. Awonta cikin sirri ne, maganinta kyauta ne, kuma wanda ya riƙe shi kullum jikinshi na dawowa, ya ci kasuwarshi, ya aurar da ɗiyanshi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambato ba. A gaban wuya akwai wata tsoka da likitoci ke kira tiroyid, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In ta yi aiki hiye da kima sai ta riƙa ƙona abincin jiki da sauri: mutum na ci yana ramewa, zuciya na bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙi zuwa, ga jin zahi ko cikin hunturu. Ta hi kama mata, kuma sau da yawa akan ɗauke ta a kan iska. Akwai zawon da ya daɗe, da gyambon ciki, da ciwon ƙoda, da ruɓaɓɓen haƙori wanda ke hana tauna. Akwai tramol da wasu direbobi da ƴan dako ke sha, yana kashe cin abinci. Masu cewa tunani ne ma ba kullum suke kuskure ba, domin baƙin cikin karayar jari ko rashin miji ko ɗa yana iya zama ciwon damuwa, mai hana ci da barci. Sai dai shi ma ciwo ne da ake magani, kuma lokotoro ne zai ce shi ne bayan ya duba sauran.

Ba za mu ɓoye muku ba, cikin dalilan akwai ciwon daji, wato kansa: ta ciki, ta hanji, ta hanta, ta nono, ta bakin mahaifa. Wani lokaci rama ce alamarta ta farko kahin wani ciwo ya bayyana, kuma yiwuwar haka na ƙaruwa da shekaru. Tun 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa da ke Yamai ta samu na'urar gashi, aikin da a da sai an hita waje. Amma na'ura ta hi amfani ga wanda ya zo da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu mu zo ga abin da ya hi damunmu, wanda kuma cikin kasuwanninmu ake saida shi a kan tire da bayan keke. A al'adarmu ƙiba alama ce ta hutu da wadata, mace in ta rame sai a ce mijinta ba ya kula da ita, Alhaji in ya rame sai a ce jari ya karye, masu ba da kaya bashi su fara ja da baya. Don gudun wannan magana ne mutane ke ruga wa ƙwayoyin sha-ka-fashe da siron buɗe ciki. Da yawa cikin waɗannan ƙwayoyi deksa ce da danginta. Abin da suke yi shi ne su tara ruwa da kitse a huska da wuya da ciki, hannuwa da ƙafahu kuwa na ƙara sirancewa. Mutane su ce kin yi kyau, alhali ciwon na ƙasa yana ci. Bayan haka deksa na hau da sukarin jini, tana hau da tansiyo, tana raunana garkuwar jiki. Ke nan in ramar ta ciwon sukari ce ko ta tibi, an zuba wa wuta mai. Wannan daidai yake da mai buhun da ɓera ya huda, maimakon ya nemi hujin sai ya cika buhun da yashi don ya yi nauyi. Wadda kuma ta riga ta daɗe tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma na da haɗari. Ta ɗauki kwalin ta kai wa lokotoro, shi zai nuna mata yadda za ta rage sannu sannu.

Akwai alamomin da in sun haɗu da rama ba a jiran ranar kasuwa ta wuce: jini cikin kaki ko cikin amai, bayan gida mai jini ko baƙi ƙirin, abinci na tsayawa a maƙogwaro, ido ya yi ɗorawa irin na shawara, ciki na kumbura alhali jiki na bushewa, ƙullutu a nono ko a wuya ko a hammata, jini ya dawo wa mace bayan al'ada ta ɗauke, ko zazzaɓin da ya ƙi tahiya. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, cikin makon nan ya kamata a gan shi.

Hanyar kuwa sananniya ce. A fara da CSI ta unguwa, in abin ya hi ƙarhin majo zai rubuta takarda zuwa likitar gunduma, daga nan zuwa manyan likitocin Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Yamai. A faɗi gaskiya dalla dalla: yaushe ramar ta fara, kilo nawa, yaya cin abinci, yaya barci, wane magani aka sha, har da na gargajiya da na tire. Mun san maganar kuɗi ce ke tsaida mutane. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aikin hidda jariri, amma magidanci mai shekara 45 daga aljihunshi zai biya. Duk da haka, awon farko na sukari da na kaki bai kai kuɗin turmin zane guda ba, kuma bai kama ƙafar abin da za a kashe ba ranar da aka kwantar da mutum, rumfa ta ruhe, jari ya tahi wajen jinya. Akwai kuma mutane da dama da ake aunawa ba a samu wata muguwar cuta ba, su koma gida da kwanciyar hankali. Wannan ma riba ce. Addu'a da rubutu ba su hana awo ba, malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa su haɗa kai da ma'aikatan kiwon lahiya a riƙa kawo sikeli da na'urar awon sukari cikin kasuwa, ko da a ranar 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari da 24 ga Maris ta tarin huka. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da masu adashe, su sa kuɗin awo cikin abin da asusun taimako ke ɗauka, kamar yadda ake yi wa suna da rasuwa. Hukumomi su tsaya kan masu saida deksa a kan tire, su kuma tabbata kowace CSI tana da sikeli mai aiki da kayan awon sukari. Ma'aikatan likita su tarbi wanda ya zo da ƙahwarshi hannu biyu, kada a ce mashi tun da yana tahiya ai lahiyarshi lau. Magidanta, in uwargida ta rame a bar zargi, a raka ta. Mu kuma sauran jama'a mu kama bakinmu, domin gulmar rumfa ta hana mutane da yawa neman magani.

Daga ƙarshe, kowa ya ware layi guda cikin kayenshi na lissahi. Sau ɗaya a wata a hau sikeli guda, da sahe, da sutura mara nauyi, a rubuta rana da kilo. In lamba ta yi ta sauka wata biyu, wata ukku a jere ba a san dalili ba, a ɗauki kayen a tahi likita da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lahiya, ya sa albarka cikin neman kowa.